Yadda ake neman babur mai lantarki na tallafin gwamnati ba tare da an faɗa ramin bashi ba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai babur ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da dama. Daga nan gwamnatoci suka fara maganar babura masu amfani da batir. Jihar Ogun ta ƙaddamar da nata shirin a Abeokuta a watan Yulin 2024, ƙarƙashin Gwamna Dapo Abiodun, da baburan kamfanin Spiro da tashoshin musayar batir. A Borno tun Disamban 2023 aka sa motocin haya masu lantarki a titunan Maiduguri. Gwamnatin tarayya kuma a Oktoban 2024 ta sanar da cire harajin VAT daga kan ababen hawa masu lantarki.

Wanda ya ji an ce "tallafi" ya sani cewa mafi yawan waɗannan shirye-shirye bashi ne aka sassauta, kyauta kaɗan ce a ciki. Abin da zai sa ka ci riba ko ka yi kuka kuwa abu biyu ne, batir da sharuɗɗan biya. Cike fom shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, shi ya sa na kai shi can tsakiya.

Fara da sanin irin tallafin da ake magana

Salon da ake bi uku ne. Akwai wanda gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗin babur, kai ka biya sauran sannu a hankali. Akwai wanda ba a rage maka ko kwabo daga farashi ba, sai dai an rage kuɗin ruwa, ko an tsawaita lokacin biya. Na uku shi ne rabon kyauta, wanda galibi ta hannun ƙungiyoyi ko 'yan majalisa yake biyowa, kuma ba kasafai ake buɗe masa fom ga kowa da kowa ba.

A matakin tarayya, ƙofar da aka fi sani ita ce CREDICORP, hukumar da aka kafa a 2024 don sauƙaƙa wa ma'aikata da masu sana'a sayen kaya a kan bashi. Hukumar ba ta miƙa wa mutum kuɗi hannu da hannu. Kana nuna sha'awarka a shafinta, credicorp.ng, sai a haɗa ka da banki ko ƙaramin bankin al'umma ko ƙungiyar gama-kai da suke aiki tare, kuma su ne masu cewa e ko a'a. Tana da asusu mai suna CALM da ya shafi sufuri da hasken wuta, kamar mayar da mota mai amfani da gas da sanya sola a gida. Idan aka haɗa ka da banki, tambayarka ta farko ita ce ko babur mai lantarki yana cikin kayan da suke bayarwa a wannan zagaye, kuma na wane kamfani.

Shirye-shiryen jihohi kuwa kowace da nata tsarin. Sanarwar takan fito daga ma'aikatar sufuri, ko ta matasa, ko ofishin mai ba gwamna shawara kan sana'o'i. Rediyon jiha da ofishin ƙungiyar masu babura, irin su ACOMORAN da NATOMORAS, sun fi Facebook saurin kawo sahihin labari.

Garinku ya yarda da babur?

Tambaya ce da take kama da wasa, amma ita ke kayar da mutane. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, a Maiduguri an hana babura a 2011, a birnin Kano an hana goyo na haya tun Janairun 2013. Wasu ƙananan hukumomi a Zamfara da Katsina da Neja sun sha fuskantar dokar hana zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro. Zaman babur mai lantarki ba ya fitar da shi daga waɗannan dokoki sai idan gwamnatin jihar ta faɗi haka a rubuce. Idan da haya kake shirin biyan bashin, ka je ofishin hukumar kula da zirga-zirga ta jiharku, kamar KAROTA a Kano, ka ji ta bakinsu. Inda aka hana ɗaukar fasinja, aikin kai saƙo da kaya na iya zama mafita, amma shi ma wani lokaci yana buƙatar rajista ta daban.

Ina za ka samu wuta?

A nan ya kamata a daɗe. Baburan da ake kawowa iri biyu ne: wanda batirin naka ne kana caji a gida, da wanda batirin na kamfani ne, kana zuwa tasha ka ajiye wanda ya ƙare ka ɗauki cikakke ka biya.

Na caji a gida ya fi arha a kowace rana. Ga yadda ake lissafinsa. A jikin batir za ka ga lambobi biyu, misali 72V da 40Ah. Ka ninka su: 72 sau 40 ya ba ka 2,880, wato kusan yunit uku na wutar mita. Da ɗan abin da ke salwanta a caja, ka ɗauka yunit uku da rabi. A rukunin Band A, wato rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, inda yunit ya ɗan haura naira 200 tun bayan ƙarin 2024, cika batir ɗin bai wuce naira 700 zuwa 750 ba. Batir mai wannan girma, da fasinja a baya da hanya irin tamu, zai kai ka kamar kilomita 70 zuwa 80. Babur mai fetur na yau da kullum zai sha kusan lita biyu a wannan tafiyar. Ka ninka da farashin lita a gidan man unguwarku, za ka ga tazarar da idonka. Ga kuma juyen baƙin mai da fulogi da wankin kabreta da suka fita daga wuyanka.

Amma cajar da ake haɗo wa irin waɗannan babura takan ɗauki awa huɗu zuwa shida kafin ta cika batir. Band A ne aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuma unguwanni nawa ne a ƙarƙashin kamfanin wuta na Kano (KEDCO) ko na Kaduna ko na Yola ko na Jos suke ganin haka? Kafin ka nemi babur, ka yi mako biyu kana rubuta awannin da aka kawo wuta a gidanku, musamman da dare. Idan sai ka tayar da janareto za ka yi caji, to ka koma sayen fetur ta bayan gida, ribar ta zube. Sola na iya yi, amma ƙaramar solar kunna fanka da ƙwan fitila ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, kuma da rana ake samun wutarta, lokacin da kai kake kan titi.

Na musaya ya fi dacewa da ɗan haya, domin cikin 'yan mintuna an sauya maka batir ka koma aiki, kuma idan batirin ya tsufa asarar kamfani ce. Farashin babur ɗin ma ya fi sauƙi tunda ba ka sayi batir ba. Sai dai an ɗaure ka da kamfani ɗaya. Batirin wani ba ya shiga naka, kuma ranar da suka ƙara kuɗin musaya ko suka rufe tashar garinku, babu inda za ka. Ka taka da ƙafarka ka je tashar da suka ce suna da ita. Ka tsaya da yamma lokacin cunkoso, ka ga ko masu babura na samun cikakken batir ko jira suke yi. Ka tambayi biyu ko uku daga cikinsu nawa suke kashewa a rana. Tashar da aka ce "za a buɗe nan ba da jimawa ba" kada ka sa ta a lissafi, cinikin biri a sama ne.

Sai irin batirin. Idan aka ce maka na dalma ne, irin na mota, ka ja da baya: yana da nauyi, kuma a aikin haya ba ya daɗewa. Na lithiyam ake nema, a cikinsu kuma wanda ake rubuta wa LFP ya fi jure zafi da yawan caji. Ga mutumin Sakkwato ko Nguru ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Haɗa takardu tun kafin a buɗe shafi

Irin waɗannan shirye-shirye sukan buɗe na ɗan gajeren lokaci, kuma wanda sai an buɗe zai fara neman takardu yakan tarar an rufe.

Lambar NIN da ta BVN su ne ginshiƙi, kowace lamba 11 ce. Idan ka manta NIN, danna *346# da layin da ka yi rajista. Ta BVN kuma *565*0#. Abin da ya fi hana mutanenmu wucewa shi ne saɓanin suna: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko an sa sunan mahaifi a gaba a wata takardar, a wata kuma sunan gari. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, watsar da fom ɗin kawai take yi. Haka ma ranar haihuwa. Ka ɗora takardunka gefe da gefe ka duba harafi bayan harafi. Gyaran NIN ta hannun hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ake yi, na BVN a bankinka, kuma duka biyun suna cin lokaci.

Sai lasisin tuƙi. Na babur shi ne rukunin A, kuma sai mai shekara 18 zuwa sama. Ana bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, gwajin jami'an VIO, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, inda za a ba ka na wucin gadi mai aiki kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Da yawa cikin masu babura ba su taɓa yin lasisi ba, amma banki ba zai ba da babur a kan bashi ga wanda ba shi da izinin hawansa ba.

Ragowar su ne hotunan fasfo, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ko ta mazauni, shaidar adireshi kamar takardar biyan kuɗin wuta, katin ƙungiya idan kana haya, da bayanan shige da ficen asusunka na banki na wata shida. Ma'aikaci zai ƙara da takardar ɗaukar aiki da ta albashi. Ga mai sana'ar hannu, shawarata ita ce ya fara zuba cinikinsa a asusu tun yanzu, ko da zai cire washegari. Banki ba ya ganin kuɗin da ke aljihu.

Akwai kuma tarihin bashi. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin ajiye wannan bayani: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma doka ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ɗan bashin da ka ci a manhajar waya ka share, ko tsohon rancen gwamnati da ka ɗauka rabonka ne, suna iya fitowa a nan. Gara ka biya ka karɓi shaidar biya kafin ka nema.

Mai tsaya maka, wato garanto, ka faɗa masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu: idan ka gaza, shi za a bi. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan takarda.

Cike fom

Ka shiga ta adireshin da hukumar ta sanar da bakinta. Shafukan ma'aikatun gwamnati yawanci suna ƙarewa da gov.ng. Saƙon da ke yawo a WhatsApp yana cewa ka tura wa mutum goma kafin a buɗe maka fom, na 'yan damfara ne. Babu jami'in gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, kuma duk kuɗin da za a biya, a asusun hukuma ko na kamfani ake biya da rasit, ba a asusun wani mutum ba. Mai cewa yana da "gurbi" a hannu idan ka ba shi na goro, ka bar masa gurbinsa.

Idan a shagon intanet za a cike maka, ka zauna kusa da mai cikewar. Lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, domin ta nan za a kira ka. Ka rubuta suna daidai da yadda yake a NIN. Kada ka ƙara kuɗin shigarka don ka burge, za a gwada da bayanan asusunka. Kada ka cike sau biyu. Da ka gama, ka buga takardar shaida, ka kuma ɗauki hoton lambar rajistarka.

Bayan nan sai tantancewa. Wasu shirye-shiryen ƙuri'a suke yi idan masu nema sun yi yawa, wasu su raba wa ƙananan hukumomi ko rassan ƙungiya, wasu su ware kaso ga mata da masu buƙata ta musamman. Macen da ke son babur don zuwa aiki ko kai kayan sana'arta ta tambayi wannan kaso kai tsaye, domin sau da yawa ba a cika yayata shi ba. Ka bar wayarka a kunne, kuma ka sanar da mutanen gida cewa ana iya zuwa duba adireshi.

Takardar yarjejeniya

Ranar da aka kira ka sa hannu, murna takan rufe ido. Ka nemi a ba ka takardar ka tafi da ita gida, wanda ya iya Turanci kuma ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi.

Ga misali na lissafi, alƙaluman nawa ne don a gane hanya. A ce babur naira 1,500,000 ne, gwamnati ta biya 300,000, kai ka ba da kafin alƙalami 150,000. Saura 1,050,000. Idan aka ɗora kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100 a shekara, ana lissafa shi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har wata 18, ruwan ya zama 315,000. Jimilla 1,365,000, wato 17,500 duk mako har mako 78, kusan 3,000 a rana idan kana aikin kwana shida. Ka lura, ruwan ya cinye tallafin gwamnati har da ɗori: abin da ya fita daga aljihunka 1,515,000 ne, ya fi farashin babur ɗin a kasuwa. Da a kan ragowar bashi ake lissafa ruwan, yana raguwa kana biya, da ya sauko zuwa wajen rabin haka. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ta kaso nawa ba ce kawai. Ka ce a rubuta maka jimillar kuɗin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, har da kuɗin fom, na inshora, na na'urar bin sawu da na gudanarwa.

Wanda ba ya son mu'amala da ruwa ya tambaya ko shirin na aiki da bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz, TAJ da Lotus. A tsarin murabaha banki ne ke sayen babur ya sayar maka da riba sananniya da aka tsayar tun farko, a ijara kuma haya kake biya har ka mallaka. Shi ma ka nemi jimillar a rubuce.

Daga nan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Sunan wa ke kan takardun babur a lokacin biya, kuma yaushe za su dawo sunanka? Kwana nawa za ka makara kafin a ci tararka, kuma nawa ne kafin a ƙwace? Yawancin baburan nan ana iya kashe su daga ofis ta na'ura, don haka ka san ranar da za a yi maka hakan. Idan aka ƙwace, ina makomar abin da ka riga ka biya? Idan babur ya kwanta a gareji mako biyu saboda babu kayan gyara, balas ɗin zai tsaya ko zai ci gaba da hawa? Idan aka sace shi fa? Inshorar dole, wadda tun 2023 take naira 3,000 ga babur, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Sata da gobara sai cikakkiyar inshora, kuma ga babur ɗin bashi ita ce ta cancanta.

Ka kuma duba ko akwai sharaɗin GSI a ciki. Tsari ne da Babban Banki ya fara aiki da shi a Agustan 2020, wanda ya ba mai bin ka bashi damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗinka, a kowane banki yake.

Garantin batir ya zama a rubuce: shekara nawa, ko kilomita nawa, kuma ƙarfinsa zai ragu zuwa kashi nawa kafin a yarda a sauya maka. Batir shi ne mafi tsada a jikin babur, yakan kai kashi ɗaya cikin uku na farashin ko fiye. Garantin da zai ƙare kafin bashi ya ƙare haɗari ne babba, domin kana iya wayar gari kana biyan kuɗin babur da ba ya tashi.

Ranar karɓa da makonnin farko

Kada ka sa hannu a takardar karɓa sai ka gwada lambar jikin babur da ta batir da waɗanda ke cikin takardu. Ka tabbatar an ba ka caja ta asali, makullai biyu, katin garanti da hular kwano idan tana cikin yarjejeniya. Ka hau ka zaga, ka gwada birki da fitilu da hon. Ka tambayi wa zai yi rajista da lamba, kai ko kamfani. Ka karɓi adireshin garejinsu da lambar bakaniken da suka horar, domin bakaniken unguwa zai yi maka taya da birki da kaca, amma bai kamata ya buɗe batir ko akwatin sarrafa wuta ba, buɗewar na iya soke garanti.

Babur mai lantarki yana fizga nan take kuma ba shi da ƙara. A kwanakin farko ka riƙa murɗa hannu a hankali, ka yawaita hon a kasuwa da lungu, mutane ba sa jin tahowarka. Kada ka jona caji da dawowarka daga rana, ka bar batir ya huce kamar rabin awa a inuwa. Kada ka yi caji a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kuma kada ka yi amfani da siririyar wayar da aka yi wa ƙari. Da damina ka guji ruwan da ya kai tsayin injin ko gidan batir. Ka daina barin caji na sauka har ƙasa, idan ya kai kashi 20 ka nemi wuta.

Kowane biya ka yi ta banki ko ka karɓi rasit, ka tara su wuri ɗaya har ranar da za a miƙa maka takardun mallaka. Idan ka hango makon da ba za ka iya biya ba, ka je ofis kafin ranar, ka rubuta takardar neman sassauci, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan saɓani ya taso da banki, ka fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin, in bai warware ba ka wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Idan matsalar ta ingancin babur ko garanti ce, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC ce ke karɓar irin wannan ƙorafi, kuma za su nemi ganin yarjejeniyar da katin garanti da rasitanka.